Yadda ake gwada laburaren haɗaka a kan manhajojin da suka dogara da shi

A ce ku huɗu ne a wani ɗan kamfanin rubuta manhaja a Birnin Kebbi, kuma manhajoji uku ne a hannunku: ta rajistar manoman shinkafa ta wata ƙungiya a Argungu, ta karɓar kuɗin makaranta, da ta wani shagon magani a Jega. Dukkansu suna tura saƙon tes, biyu daga cikinsu kuma suna tambayar sabar ko kuɗi ya shiga. Maimakon kowace ta rubuta nata, sai kuka tattara aikin a laburare guda, mu kira shi `manzo`. Shi ke gyara lambar waya, shi ke magana da sabar, shi ke dawo da amsa.

Daga ranar da manhaja ta biyu ta ɗauki `manzo`, gwajin da ke cikinsa ya daina isa. Gwajin laburare yana auna abin da marubucinsa ya yi niyya ne kawai. Yadda mutane ke amfani da shi a zahiri kuwa, yana rubuce a cikin manhajojinsu. Masu wannan sana'a suna kiran abin dokar Hyrum: idan masu amfani suka yi yawa, duk wata ɗabi'a da ake iya gani a laburarenka, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba, wani ya riga ya jingina da ita. A watan Fabrairun 2022 wani laburaren Python mai suna MarkupSafe ya fitar da siga ta 2.1.0, ya cire wani ƙaramin aiki mai suna `soft_unicode` wanda aka riga aka yi gargaɗin cire shi. Wani laburaren, Jinja2 2.11, yana kiran wannan aikin, kuma bai sa iyakar sama ga sigar MarkupSafe ba, sai manhajoji da dama suka ƙi tashi alhali babu wanda ya taɓa su.

Manyan ayyuka sun daɗe da ɗaukar mataki a kan wannan. Masu harshen rubuta manhaja na Rust suna da Crater, wanda ke gina ɗimbin laburarori da tsohon mai harhaɗawa da sabo ya kwatanta sakamako. Debian kan gudanar da gwajin fakitocin da suka dogara da wani fakiti kafin ta bar sabuwar sigarsa ta wuce gaba. OpenStack tana da fayil ɗin `upper-constraints.txt`, kuma kafin a ɗaga sigar laburare a cikinsa sai an gwada canjin da gwajin ayyuka irin su Nova da Neutron. Dabarar ɗaya ce, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka guda ta isa a fara ta. Misalan da ke ƙasa na Python ne.

Fara da sanin su wa suka jingina da ku

Kada a dogara da tunawa. A jawo duk ma'ajiyar kod ta kamfanin cikin jaka ɗaya, a bincika sau biyu:

```
grep -rn "manzo" --include="requirements*.txt" --include="pyproject.toml" .
grep -rnE "^\s*(from|import) manzo" --include="*.py" .
```

Na farko yana nuna waɗanda suka bayyana dogaronsu. Na biyu yana kamo waɗanda ke kiran laburaren ba tare da sun rubuta shi ko'ina ba, saboda wani laburare ne ya shigo musu da shi. Su ne suka fi saurin faɗuwa, don ba wanda ke tunawa da su. A cikin muhallin kowace manhaja, `pipdeptree --reverse --packages manzo` zai nuna ta wace hanya ya shigo. In `manzo` yana tura sigarsa a cikin `User-Agent`, kundin sabar zai gaya muku wace siga ce ke kira a yau. In ba ya turawa, wannan ne gyaran farko da ya kamata ku yi.

Sai a rubuta sakamakon a fayil ɗaya cikin ma'ajiyar `manzo`: adireshin kowace manhaja, umarnin da ke gudanar da gwajinta, sigar Python ɗinta, da wanda za a kira in ta faɗi. Kowace manhaja ta shiga sau biyu, da alamar sigar da ke aiki a hannun mutane yanzu, da kuma babban reshen da ake ci gaba da rubutu a kansa. Mutane kan gwada reshen kawai su manta cewa abin da ke aiki a Argungu an ɗora shi ne tun kafin damina.

A gina laburaren yadda za a raba shi

```
python -m build
```

Wannan zai ajiye fayil kamar `dist/manzo-2.0.0rc1-py3-none-any.whl`. Shi za a gwada. Akwai sha'awar a yi `pip install -e ../manzo` don ya fi sauri, amma hakan yana karanta kod ɗin ne kai tsaye daga jakar aikinku, inda komai yake. Idan `manzo` yana da fayil na samfurin saƙonni ko na jerin farkon lambobin waya, kuma an manta sa shi cikin abin da ake ƙunshewa, gwaji zai wuce lafiya a wurinku, ya faɗi a sabar makaranta da `FileNotFoundError`. A Node ma haka ne: `npm pack` a shigar da abin da ya fito ya fi `npm link` gaskiya.

Zagaye biyu, ba ɗaya ba

Ga inda aka fi yin kuskure. In kun sa sabon laburare kuka ga gwaji bakwai sun faɗi, ba ku san komai ba tukuna, domin wataƙila biyar daga ciki sun yi wata uku suna faɗuwa. Zagayen farko da tsohuwar siga ake yinsa, shi ne ma'auni:

```
python -m venv .tsoho
.tsoho/bin/pip install -r requirements.txt
.tsoho/bin/pip freeze > tsoho.txt
.tsoho/bin/python -m pytest --junitxml=tsoho.xml
```

Zagaye na biyu sabon muhalli ne, komai daidai da na farko, abu ɗaya tak ya canza:

```
python -m venv .sabo
.sabo/bin/pip install -r tsoho.txt
.sabo/bin/pip install --force-reinstall --no-deps ../manzo/dist/manzo-2.0.0rc1-py3-none-any.whl
.sabo/bin/pip check
.sabo/bin/python -m pytest --junitxml=sabo.xml
```

An yi amfani da `tsoho.txt` ne don kada wani laburare daban ya fitar da sabuwar siga tsakanin zagayen biyu ku ɗora wa `manzo` laifin da ba nasa ba. `--no-deps` yana hana pip, mai shigar da laburarorin Python, taɓa sauran. Amma yana da farashi: in sabon `manzo` yana buƙatar wani abu da babu, ko sigar `urllib3` da ta fi wadda ke nan, pip ba zai kawo ba. Shi ya sa `pip check` ke biye da shi, kuma duk abin da ya faɗa sakamako ne na gwaji, a rubuta shi. Lokacin da `urllib3` 2.0 ya fito a Afrilun 2023 yana buƙatar OpenSSL 1.1.1 ko sama, wasu laburarori kuma sun riga sun sa iyaka cewa ba sa karɓar siga ta 2. Laburaren haɗaka da ya ɗaga mafi ƙarancin sigar da yake karɓa yana iya hana manhaja shiguwa gaba ɗaya tun kafin a kai ga gwaji. Don a ga wannan, a yi wani muhalli na uku, a cire layin `manzo` daga `requirements.txt`, a shigar da sauran tare da sabon fayil ɗin a umarni ɗaya, a ga ko pip zai iya sulhunta su.

Tabbatar da cewa sabon ne ake gwadawa

Wannan matakin daƙiƙa biyu ne, kuma shi ya fi kowanne hana ruɗin kai.

```
.sabo/bin/python -c "import manzo, importlib.metadata as m; print(m.version('manzo'), manzo.__file__)"
```

Hanyoyi uku tsohuwar siga ke bi ta dawo a ɓoye. In manhajar tana gudanar da gwaji ta `tox`, shi yana gina nasa muhallin ne ya sake shigar da `manzo==1.8.2` daga fayil ɗin buƙatu, ya yi watsi da naku. In wani ya taɓa kwafe jakar `manzo` ya ajiye a cikin manhajar, Python na iya ɗaukar wannan kwafin kafin wanda aka shigar, kuma lambar sigar ba za ta nuna ba, sai hanyar fayil ɗin. Na uku, in gwajin yana gudana cikin hoton Docker da aka gina tun da, laburaren da ke ciki ne ke aiki. A sa wannan layin ya gudana a cikin muhallin da gwajin yake gudana, kuma aikin ya tsaya da kuskure in sigar ko hanyar fayil ɗin ba ita ba ce.

Karanta bambancin

Gwajin da ya wuce a tsoho ya faɗi a sabo, shi ne abin nema. Wanda ya faɗi a duka biyun ba na `manzo` ba ne, a sanar da mai manhajar a wuce. Wanda ya faɗi a tsoho ya wuce a sabo, a sake gudanar da shi sau uku kafin a yi murna, don yawanci irin gwajin nan ne da ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Sannan a kwatanta jimilla. In zagayen farko ya gudanar da gwaji 212, na biyu 187, kuma babu ja (alamar faɗuwa) ko ɗaya, to 25 sun ɓace: ko dai an tsallake su ta `pytest.importorskip` saboda wani sashe na laburaren ya canza suna, ko wani sharaɗi ya hana tattara su. Ɓacewar gwaji faɗuwa ce, a lissafa ta haka.

In canje-canjen da ke tsakanin sigogin biyu suna da yawa, `git bisect run` tare da ɗan rubutun da ke gina laburaren, ya shigar, ya gudanar da gwajin da ya faɗi shi kaɗai, zai kai ku ga canjin da ya jawo. Canji 60 ba ya wuce zagaye shida.

Gwajin da ba ya taɓa laburaren

Yanzu ga matsala mafi zurfi. Buɗe gwajin manhajar makaranta, wataƙila ku tarar da wannan:

```
@mock.patch("biya.manzo.Client")
def test_tura_rasit(Client):
    ...
```

An maye gurbin laburaren duka da na kwaikwayo, shi kuwa `MagicMock` duk abin da aka ce masa ya karɓa. Ku canza sunan `tura_sako` zuwa `aika`, ku cire wata hujja (bayanin da ake miƙa wa aikin lokacin kiransa), ku share aikin ma gaba ɗaya, gwajin nan kore zai nuna, wato ya wuce. Zagaye biyun da kuka yi sun tashi a banza.

Gyaran gaggawa shi ne a ƙara `autospec=True`, wanda ke sa na kwaikwayon ya ƙi sunan da babu da hujjar da ba ta dace ba. Amma wannan ba ya kama canjin abin da ake dawowa da shi. Gyara na gaske shi ne a sauko da kwaikwayon mataki ɗaya: a bar `manzo` ya yi aikinsa cikakke, a tare shi a bakin intanet da laburare irin `responses`, ko kuma `manzo` da kansa ya zo da sabar ta bogi a `manzo.testing` wadda duk manhajojin za su yi amfani da ita. Mun fi son na biyun, domin masu laburaren ne ke kula da ita, tana canzawa tare da shi. Don a san nawa ne na laburaren kowace manhaja ke taɓawa da gaske, a gudanar da `pytest --cov=manzo` a cikin manhajar. In ya nuna kusan babu, kun san darajar koren da take ba ku.

Ga irin abin da sai cikakken aiki ke kamawa. Tsohon `manzo` yana mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b kafin ya tura saƙo. Wani ya ga hakan ɓata Hausa ne, ya cire, kuma da gaskiyarsa. Amma haruffan nan masu lanƙwasa ba sa cikin jerin haruffan GSM da ke ba da 160 a saƙo guda. Da zarar ɗaya ya shiga, duk saƙon ya koma tsarin da ke ɗaukar 70, ko 67 a kowane yanki in saƙon ya rabu. Sanarwar rabon taki mai harafi 150 ta tashi daga saƙo ɗaya zuwa uku. In ƙungiyar tana da manoma 4,000, kuɗin saƙo 12,000 za ta biya, kuma babu kuskuren da zai bayyana a allo. Sai asusu ya ƙare a tsakiyar turawa, rabin mutane ba su ji ranar rabo ba. Gwaji guda a manhajar manoman da ke cewa "sanarwar nan kada ta wuce yanki ɗaya" ya isa ya tsayar da sakin. Bayan haka sai a zauna a yanke: ko dai rubutu da lanƙwasa ya zama zaɓi da kowace manhaja ke kunnawa, ko a gajarta sanarwar.

Lambar waya ma haka. Tsoho yana mayar da 0803 zuwa `234803`, sabo yana sa alamar tarawa a gaba, `+234803`. Dukkansu daidai ne ga sabar saƙo. Amma shagon magani yana neman mai saye a rumbun bayanai da wannan lambar, sai kowane tsohon abokin ciniki ya zama baƙo, bashinsa ya ɓace daga allo. Sai kuɗi: ƙofofin biya irin Paystack suna karɓar adadi a kwabo, naira 5,000 ita ce 500000. In laburaren ya fara ninkawa da ɗari da kansa, manhajar kuma tana ninkawa tun da, uba zai ga an nemi ya biya naira 500,000. Haka lokaci: laburare ya koma dawo da UTC, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, sai kuɗin da aka biya ƙarfe 12:30 na dare ya faɗa lissafin jiya. Waɗannan huɗun, kowace manhaja ta samu gwaji a kansu da ke bi ta cikin laburaren na gaske.

Gargaɗi ɗaya ba na wasa ba: muhallin gwaji kada ya taɓa ganin mabuɗin gaske. Mabuɗan gwaji na Paystack suna farawa da `sk_test_`. A sa rubutun ya ƙi tashi in ya ga wani iri. Lambobin wayar da ke cikin bayanan gwaji kuma kada su zama na mutane.

Sabar ma siga gare ta

Laburaren kira yana tsakanin abu biyu ne. Bayan manhajoji, a gwada sabon `manzo` da sabar da ke aiki yanzu, a kuma gwada tsohon `manzo` da sabuwar sabar, domin ba rana ɗaya ake ɗaga komai ba. Filin da sabuwar sabar ke turowa tsohuwar ba ta turowa, a karanta shi da shirin cewa ƙila babu shi.

In an samu faɗuwa, wa zai gyara

Tambayar ita ce ko abin da ya canza alkawari ne. In yana rubuce a bayanin laburaren, laifin laburare ne: a mayar, ko a ɗaga babbar lamba daga 1 zuwa 2 kamar yadda tsarin lambobin siga na SemVer ya tanada. In manhajar ce ta shiga ta taga, ta kira `manzo._ciki`, gyaran nata ne. Ko a nan ma ba a saki sai gyaran ya shiga, don mai karɓar kuɗi a makaranta ba ruwansa da wanda ya yi laifi.

Cire abu kuwa jeri gare shi. A siga ta 1.9 a ƙara sabon suna, a bar tsohon yana aiki yana ba da gargaɗi ta `warnings.warn` da `stacklevel=2`, don gargaɗin ya nuna layin mai kira. A ba gargaɗin ajinsa na kansa, sannan a gwajin manhajojin a mayar da shi kuskure:

```
pytest -W error::manzo.ManzoDeprecationWarning
```

In kun yi amfani da `DeprecationWarning` tsurarsa, gargaɗin sauran laburarori zai binne naku. Faɗuwar da wannan umarnin ya bayar ita ce jerin wuraren da za a gyara. Sai an gyara su, an ɗora manhajojin, jerin ya zama fanko, sannan 2.0 ta cire tsohon suna. Masu amfani da Zuul, manhajar da ke gwada canji kafin a haɗe shi, suna rubuta layin `Depends-On:` a bayanin canji don a gwada gyaran manhaja tare da canjin laburare tun kafin a haɗe ko ɗaya. Ba tare da Zuul ba, ana samun haka ta hanyar sa rubutun ya fara neman reshe mai suna ɗaya a ma'ajiyar manhajar, in babu ya koma babban reshe.

Lokaci, data da wuta

Manhaja uku, kowace matsayi biyu, kowane zagaye biyu: gudu 12 ke nan. In kowane yana cin minti shida, minti 72 ne. Ba sai an yi duka a kowane canji ba. Sakamakon zagayen farko a adana shi, ba ya canzawa sai manhajar ta canza. A kowane canji a gwada manyan rassa uku, cikakken jerin kuma sau ɗaya da dare da kuma kafin saki. A GitHub Actions a sa manhajojin cikin `matrix` tare da `fail-fast: false`, in ba haka ba faɗuwar ta farko za ta kashe sauran. `GITHUB_TOKEN` na ma'ajiyar da aikin ke ciki ne kawai, don haka jawo sauran ma'ajiyoyin sirri yana buƙatar mabuɗi daban, a ba shi izinin karantawa kaɗai. Asusun kyauta yana ba da minti 2,000 a wata ga ma'ajiyoyin sirri, sai a yi lissafi: cikakken jeri kowane dare ya wuce haka, wanda aka adana ma'auninsa bai kai ba.

In a ofis za ku gudanar, kada kowane muhalli ya sake sauko da komai daga intanet. Lokacin da sabis ke da ƙarfi a yi `pip wheel -r tsoho.txt -w rumbu/`, daga nan a riƙa shigarwa da `--no-index --find-links rumbu/`. Bayan tattalin data, yana raba ku da faɗuwar ƙarya da yankewar sabis ke kawowa. Rubutun kuma ya ajiye sakamakon kowace manhaja da zarar ta gama, ya tsallake wadda aka riga aka yi, don in an ɗauke wuta batir ya mutu a ta biyar ba sai an koma ta farko ba.

Saki

A fara da `2.0.0rc1`. Pip ba ya ɗaukar irin wannan sigar da kansa sai an ce `--pre` ko an rubuta lambar sak, don haka ba za ta faɗa wa kowa bagatatan ba. A ɗora ta a manhajar da faɗuwarta ta fi sauƙin jurewa, a bar ta kwana biyu ko uku ana duba kundin sabar da adadin saƙonnin da aka caje. Manhajar makaranta kada a taɓa ta a makon dawowa daga hutu, ta manoma kuma ba a makon rabon taki ba. In bayan saki matsala ta ɓullo, a janye sigar da alamar `yank` maimakon a share ta: wanda ya rubuta `==2.0.0` zai ci gaba da samu, sauran pip zai tsallake musu ita. Gyaran ya fito da lamba 2.0.1, domin PyPI, babban rumbun laburarorin Python, ba ya yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka taɓa amfani da shi, kuma ya kamata ma'ajiyarku ta cikin gida ta bi wannan ƙa'idar. Sannan a rubuta gwajin da ya kamata ya kama matsalar, a sa shi a manhajar da ta faɗi da kuma cikin `manzo`, a gudanar da shi a kan 2.0.0 a ga ya yi ja kafin a yarda da koren da ya nuna a 2.0.1.